Littafin Aikin Bangon Zaure: Yadda Muke Farfaɗo da Zanen Ƙasa a Unguwarmu

Asabar, 2 ga Nuwamba, 2024

Yau bayan sallar la'asar muka zauna a ƙofar gidan mai unguwa, aka tsai da shawara cewa za a gyara fuskar tsohon zauren nan da yake kallon filin ƙwallo, a mayar masa da zanen da yake da shi a da, kuma yaran unguwa ne za su yi aikin da hannunsu a ƙarƙashin wanda ya gaji sana'ar. Ni aka ɗora wa nauyin rubuta abin da yake gudana, saboda ni na kawo maganar, kuma ni ne malamin da yake koyar da darasin al'adu da fasaha a ƙaramar sakandaren da yawancin yaran suke zuwa.

Zauren na ƙasa ne, kuma fiye da rabin zanen fuskarsa ya zube, sai wani yanki na dagi da ya rage a saman ƙofa da kuma alamar takobi a hannun dama. Hajiya mai gidan ta daɗe tana jayayya da 'ya'yanta, waɗanda suke so a rushe shi a yi shaguna na bulo, ita kuma ta ce muddin tana numfashi ba za a sa masa diga ba. Da mai unguwa ya aika a tambaye ta ko ta yarda yara su taɓa mata bango, sai ta aiko da cewa ta yarda, amma kada a yi mata wasan yara a ƙofar gida.

Dalilina na shiga wannan aiki ba ɓoyayye ba ne. Na shafe shekaru ina sa yara suna zana kofi da bokiti a takarda, ina ba su maki, alhali kuwa muna zaune a Zariya, birnin da Babban Gwani Malam Mikha'ilu ya gina Masallacin Juma'a a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, ginin da har aka yi kwaikwayonsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos domin baƙi su gani. Na tambayi ajina wa ya taɓa shiga ya ɗaga kai ya dubi bakan gizon tsohon masallacin, wato lanƙwasassun ginshiƙan ƙasa da suke ɗauke da rufinsa, yara biyu kawai suka ɗaga hannu.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Mun sami magini. Dattijo ne da ya haura saba'in, kuma ya ce rabonsa da yin zane a bango tun kafin a haifi autansa, domin tun da siminti da kwano suka yi yawa mutane suka daina nemansa sai dai don toshe ɓaraka bayan damina. Yanzu goro yake sayarwa a bakin kasuwa. Kowa Baba yake ce masa, ni ma haka zan kira shi a littafin nan.

Da muka kai shi wurin, bai ko dubi zanen ba. Ya durƙusa ya bi gindin bangon yana ƙwanƙwasawa da bayan yatsa yana saurare, sa'an nan ya miƙe ya nuna mini indararon da ya karye a sama, ya ce, "Malam, ba ado bangon nan yake nema ba tukuna. Ruwa ya yi shekaru yana cin ƙafarsa, idan muka yi masa kwalliya a haka, kamar an ɗaura wa mara lafiya rawani ne." Ya gindaya sharuɗɗa biyu: ba za a zuba ko cokali ɗaya na siminti a cikin ƙasarsa ba, kuma duk yaron da bai taka ƙasa a wurin kwaɓi ba, ba zai taɓa bango ba, ko ɗan wane ne. Na amince da duka biyun, ko da yake a raina na ɗauka sharaɗi na biyu taurin kan tsofaffi ne kawai.

Asabar, 23 ga Nuwamba

An kawo jar ƙasa a kura sau shida daga wani kududdufi da ya ƙafe a bayan ganuwa, aka zube ta a gefen filin, aka kawo busasshiyar ciyawa aka daddatsa, wani maƙwabci mai kiwon dawaki kuma ya ba mu kashin doki kyauta. Yara ashirin da bakwai suka zo. Akwai ɗalibaina, har da waɗanda suke zuwa makarantarmu daga Tudun Wada da Wusasa, akwai kuma almajirai tara daga makarantar allon da ke bayan masallacin unguwa, waɗanda malaminsu ya ba su izini bayan mai unguwa ya je ya roƙe shi da kansa.

Da farko abin bai yi daɗin gani ba. 'Yan boko suka tsaya a inuwa da takalmansu, almajirai suka tsaya a rana can gefe, kowane ɓangare yana satar kallon ɗaya, kuma na ji wani ɗalibina yana wata magana a kan ƙazanta wadda na tsawatar masa a kanta. Waɗannan yara fa unguwa ɗaya suke kwana, wasu ma almajiran a gidajen ɗalibaina suke wanke-wanke da ɗebo ruwa, amma ban taɓa ganin sun yi wasa tare ba. Baba bai yi wa kowa wa'azi ba. Ya naɗe wandonsa, ya shiga tsakiyar ƙasar da aka jiƙa, ya ce a zubo ruwa, sa'an nan ya ce duk mai takalmi ya tuɓe. Almajiran ne suka fara shiga, kuma nan take aka ga sun fi iya takun, domin da yawansu daga ƙauye suka zo kuma sun taɓa taya iyayensu ginin rumbu. Da wata yarinya ta zame ta faɗi zaune a cikin taɓo, wani almajiri ya miƙa mata hannu ya tashe ta, Baba ya ce, "Amaryata, tun ba a ɗaura ba kin fara zaman lalle?" Dariyar da aka yi ita ta kawar da sauran noƙe-noƙen, kuma kafin azahar ba a iya bambance ɗan boko da almajiri daga gwiwa zuwa ƙasa. Na janye abin da na rubuta a kan taurin kan tsofaffi.

Baba ya ce a rufe ƙasar a bar ta ta ruɓa, ana yayyafa mata ruwa ana sake takawa duk bayan kwana biyu, domin ƙasar da ba ta kwana ba, ba ta riƙe bango.

Asabar, 7 ga Disamba

An gama gyaran gindi. Yaran sun mulmula tubali da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, aka shanya shi ya bushe, Baba ya cike wuraren da ruwa ya rarake, aka kuma sa sabon indararo mai tsawon da zai jefa ruwa nesa da bango. An yi yaɓen farko, an bar shi da kaushi domin na biyu ya sami abin kamawa.

Asabar, 21 ga Disamba

Yau ce rana mafi tsawo tun da muka fara, kuma ba a taɓa ƙasa ba ko kaɗan, magana aka wuni ana yi a kan abin da za a zana.

Wani abokina ya haɗa ni da ɗalibai uku na sashen zane-zane na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, biyu maza ɗaya mace, kuma ɗaya ne kawai a cikinsu yake jin Hausa sosai. Sun zo da manyan takardu da suka yi zane a kai, zane mai kyau ƙwarai, wanda ya nuna yara riƙe da hannun juna sun zagaye wata bishiya, da kurciyoyi a sama. Liman yana gani ya girgiza kai, ya ce ba za a sassaƙa siffar mai rai a bangon da mutane suke shimfiɗa tabarma su yi salla a gabansa idan masallaci ya cika ba. Na ga ran ɗaliban ya ɓaci, ɗaya ma ya fara naɗe takardarsa. Na ce, "Allah gafarta Malam, a ba mu dama mu nuna musu abin da aka saba yi, wataƙila a sami mafita," ya ce a yi.

Baba ya ɗauki tsinke ya zauna a ƙasa ya shiga zana musu dagi, layi ɗaya yana shiga yana fita ba tare da an ga farkonsa ko ƙarshensa ba, ya zana takobi da sandar girma, ya nuna yadda ake ɗauko aska daga wuyan babbar riga a mayar da ita bango. Ɗalibar ta durƙusa kusa da shi tana ƙoƙarin bin layin dagin da fensir, sau uku tana ɓacewa a tsakiya. A nan ne abin da ban yi tsammani ba ya faru. Wani almajiri, ɗan shekara goma sha huɗu ko kusa da haka, wanda tun da muka fara ban ji muryarsa ba, ya karɓi tsinken ya raba murabba'i gida-gida, ya cike shi da zane cikin sauri ba tare da ya goge ko sau ɗaya ba. Ashe shi yake taya wani gardi yin zayyanar allon masu sauka, kuma ya san lissafin raba fili da ido, abin da nake fama in koya wa ajina da rula da kamfas. Ɗalibin da ya naɗe takardarsa ya warware ta, ya juya bayanta, ya miƙa wa yaron fensir.

Daga baya, muna shan kunun zaƙin da Hajiya ta aiko, ɗalibar ta ba mu labarin abin da ake koya musu a sashensu game da ƙungiyar ɗaliban zane da aka kafa a Zariya a 1958, lokacin makarantar tana Kwalejin Fasaha da Kimiyya da Ƙere-ƙere ta Nijeriya, kafin a kafa jami'ar a 1962. Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suna cikin waɗanda suka ƙi yarda a ce zanen Turawa ne kaɗai zane, suka ce kowa ya koma ga abin da ya gada ya haɗa shi da abin da ya koya a aji, kamar yadda Okeke ya koma ga zanen uli na ƙasar Ibo. Ta ce abin kunya ne a ce ta yi shekara uku tana haddace wannan domin jarrabawa, amma yau ne karon farko da ta shigo cikin tsohon birni ta Ƙofar Doka. Na ce mata kada ta damu, akwai waɗanda aka haifa a cikin ganuwa da ba su taɓa taka Samaru ba, kuma tazarar da ke tsakani ba ta kilomita ba ce kawai.

Wata ɗalibata daga Wusasa ta ce ai tsohuwar cocinsu ma da ƙasa aka gina ta a 1929, kuma bakan gizonta irin na masallaci ne. Baba ya ce ya san ta, kuma hannun maginan ƙasar nan ne, domin a zamanin babu wasu da suka iya ɗaure rufi irin wannan. Liman ya yi shiru yana saurare, sa'an nan ya tambaye ta ko har yanzu ginin yana tsaye, ta ce yana nan.

Abin da aka tsayar shi ne: dagi a saman ƙofa kamar yadda yake a da, takobi a dama, zayyana a matsayin iyaka ta zagaye fuskar duka, sannan a bar fili biyu a hagu da yara za su zaɓi abin da za a sa.

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

An yi asara, kuma laifina ne. Baba ya kwanta da mura tun ranar Talata, ni kuma ina so a ci gaba kafin a nutse cikin karatun sabon zango, sai na sa yara suka yi yaɓe na biyu a ɓangaren hagu ranar Alhamis, muka yi shi da kauri a tashi ɗaya. Iskar hunturu ta busar da samansa alhali cikinsa yana ɗanye, yau muka tarar ya tsattsage kamar bakin tafki a watan bazara, wani wurin ma ya ɓalle ya faɗo. Baba ya zo lulluɓe da bargo ya tsaya ya daɗe yana kallo, sai ya ce, "Malam, a makaranta kai ne babba, amma a nan ƙasa ce take faɗin ranar da za a yi aiki." Ya sa aka kankare duka. Daga yau za a riƙa yin yaɓe siriri-siriri da yamma, a rufe shi da jiƙaƙƙun buhuna ya bushe a hankali. Yaran sun ga an gyara wa malaminsu kuskure a gabansu, kuma ban ga alamar hakan ya rage mini komai a wurinsu ba, sai dai almajirin nan mai zayyana ya fara gaishe ni da fara'a.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Neman kayan shafe ya ci mana mako uku. Makuba ake yi wa bangon waje domin ya jure ruwa, ita kuwa daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa ake samun ta, a jiƙa shi ya ba da ruwa mai duhu a kwaɓa da ƙasa, ga shi ɗorawa ba ta nuna sai bazara. Mun rasa inda za mu sa kanmu sai da mahaifiyar wani ɗalibina ta ji labari, ta ce matan ƙauyensu masu yin daddawa kalwa kawai suke buƙata, kuma wasu suna tara ɓawon tun na bara. Ta aika aka kawo buhu huɗu, ta ƙi karɓar ko kuɗin mota. Ta haka ne mata suka shigo cikin aikin, domin tun daga ranar suka fara aiko da tambaya ta bakin 'ya'yansu, wasu kuma suna biyowa bayan isha'i da fitila su duba inda aka kai.

Domin bakin rufi da kewayen indararo kuwa Baba ya ce laso yake so, wanda ake haɗawa da katsin marina, wato abin da yake kwantawa a ƙasan rijiyar rini, da gashin jima da wani tsiro mai yauƙi da ake kira dafara. Marinan da ya sani a nan duk sun mutu, saboda haka na je Kano, marinar Ƙofar Mata, inda har yanzu ake rini da baba a cikin rijiyoyi. Da marinan suka ji daga inda na fito, sai da suka gama yi mini tsiyar da Kanawa suka saba yi wa Zage-zagi, wai mun zo roƙon abin da suke zubarwa, kafin suka cika mini buhu. Na rama daidai gwargwado.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Zane ya fito. Yadda ake yi shi ne, Baba yana jan layi da yatsa a kan ɗanyen yaɓe, yaro ya mulmula ƙasa kamar igiya ya manna a kan layin, sa'an nan a bi da jiƙaƙƙen hannu ana matsewa ana gyara gefe har ya tashi daga jikin bango kamar kaurin yatsa biyu. Dagin Baba ya yi da kansa, amma ya sa yara biyu suna riƙe masa ƙwarya suna kallon hannunsa. Iyakar zayyana almajirin nan ne ya ja ta daga farko har ƙarshe, ɗaliban jami'a suna bin umarninsa, kuma na ji ɗayansu yana ce masa "Malam ƙarami" ba da wasa ba.

A filaye biyun da aka bar wa yara an yi gardama mai zafi. 'Yan mata sun kawo zanen fure irin na lallen amare, aka karɓa ba musu. Maza suka ce wayar hannu suke so. Na yi niyyar hanawa, ina ganin zai ɓata tsarin gargajiya, sai Baba ya tuna mini cewa maginan Zariya sun daɗe suna sa keke da agogo da mota a fuskar gidaje tun lokacin da waɗannan abubuwa suke sababbi kuma abin alfahari, kuma shi kansa ya yi keke a bangon wani ɗan kasuwa yana saurayi. Ya ce kowane zamani da abin da yake so a gani a ƙofar gidansa. An yi wayar, kuma gaskiya ta zauna da takobin fiye da yadda na zata.

Hajiya ta fito da la'asar, abin da ba ta saba yi ba, jikarta tana riƙe da hannunta. Ta shafa dagin, ta ce surukinta ne ya sa aka yi na farko a shekarar da aka kawo ta gidan tana amarya, kuma an yi shi ne domin bikin. Ta dubi wayar ta ce, "Wannan kuma ta wace ce?" Yaran suka ce tata ce. Ta ce to a sa mata kati.

Asabar, 8 ga Maris

Azumi ya kama tun ranar 1 ga wata, saboda haka mun mayar da aiki bayan sallar asuba zuwa hantsi, kuma yaran da ba sa azumi su suke ɗaukar ruwa ba tare da an sa su ba. An shafa makuba sau biyu, bangon ya yi duhu yana ƙyalli kaɗan, an kuma yi lason bakin rufi.

Wani ofis da ya yi mana alkawarin fenti tun watan Disamba bai aiko da komai ba, na yi sawu huɗu ana ce mini mai sa hannu ba ya nan. Na daina zuwa. Baba ma dama bai so fentin ba, ya ce fentin mai yana toshe wa ƙasa numfashi, danshi ya taru a ciki, bayan damina biyu ya ɓare da yaɓen gaba ɗaya. Mun koma ga farar ƙasa da jar ƙasa da ɗan shuni, kuma a kan tudun zanen kawai za a shafa su.

Asabar, 5 ga Afrilu

An yi Sallah ranar Lahadi, 30 ga Maris, kuma mun gama launi ana jajibiri. Mutanen da suke dawowa daga kallon hawa a ƙofar fada sun riƙa tsayawa suna ɗaukar hoto, har wani mahayi ya tsayar da dokinsa a gaban zauren domin a ɗauke shi. Babban ɗan Hajiya, wanda ya fi kowa son a yi shaguna, ya zo daga Kaduna da iyalinsa, na gan shi yana jera 'ya'yansa a ƙarƙashin dagin. Bai ce ya fasa ba, kuma ba na so in rubuta abin da bai faɗa ba, amma ya tambayi Baba nawa za a kashe a gyara cikin zauren, inda azara biyu suka fara lanƙwasa.

Akwai abin da yake damuna, kuma na faɗe shi a zaman da muka yi jiya. Gidaje uku sun nemi a yi musu irin wannan, kowa kuma yana zaton kyauta ne tun da yara ne suke yi. Na ce wa mai unguwa, "Ranka ya daɗe, abin da muka tara muka ba Baba a wata biyar bai kai ladan birkila na mako uku ba, kuma idan sana'ar nan ba ta ciyar da mai ita, babu yaron da zai riƙe ta, duk yawan tafin da za a yi masa." An amince cewa duk gidan da yake so zai sayi kayan aiki ya biya Baba lada, a kuma ware wani abu domin yaran da suka ƙware. Malamin makarantar allo ya yarda almajirinsa ya riƙa bin Baba ranakun Alhamis da Juma'a, tun da babu karatu, da sharaɗin kada haddarsa ta yi rauni.

Asabar, 26 ga Afrilu

Hadari ya fara haɗuwa da yamma ta gabas, amma bai sauke mana ruwan kirki ba tukuna, kuma Baba ya ce ba zai kira aikin nan gamamme ba sai bangon ya sha ruwan Agusta ya ga yadda makubar ta yi. Ya bi da yara ya nuna musu wuraren da za su riƙa dubawa bayan kowane ruwa: ƙarƙashin indararo, da gindin bango ta gefen kwata, da saman dagin inda ruwa zai iya kwanciya. An raba su gida huɗu, kowane rukuni da makonsa, kuma da gangan na cakuɗa sunayen, ko da yake na lura yanzu ko ban yi haka ba su da kansu suke cakuɗuwa.

Ɗorawa ta nuna, matan ƙauyen sun aiko cewa sun fara tara mana sabon ɓawo. Ɗaliban jami'a suna so a kai yaran Samaru su ga ɗakunan aikinsu da wurin gasa tukwane, kuma ɗalibata ta Wusasa ta ce mahaifinta ya nemo mana izinin shiga tsohuwar cocin, Baba ya ce zai je domin ya nuna wa yaran ɗaurin rufin. Kafin wannan akwai tsohon Masallacin Juma'a, wanda muka sa ranar Asabar mai zuwa da hantsi. Abin da ya rage shi ne kuɗin motar Samaru, da kuma tsani, domin wanda muka ara tun Nuwamba mai shi ya aiko yana nema.